Azbakiyya: Yadda Alƙahira ta cinye tafkinta, sannan ta juya kan lambun

Wanda ya fito daga tashar Ataba ta jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar Alƙahira, hayaniya ce za ta fara tarbarsa. Masu tallar takalma da wayar caji sun baje a ƙasa, ƙananan bas-bas na neman fasinja, gadar sama ta tokare ido. Sai ya natsu zai lura da wasu tsofaffin itatuwa a bayan shingen ƙarfe. Abin da ya rage na lambun Azbakiyya ke nan. Shekara 300 da suka wuce, a daidai wurin nan kwale-kwale ke yawo da dare da fitilu, manyan gari na kallo daga tagogin gidajensu.

Ba yaƙi ɗaya ne ya share wurin ba, ba kuma mugun sarki guda ba. Gutsura aka yi ta yi, kuma duk wanda ya gutsura yana da hujjar da za a saurara: lafiya, hanya, waya, sufuri. Wannan ne ya sa labarin Azbakiyya ya cancanci a bi shi daki-daki.

Garken raƙuma da ya zama unguwar manya

Sunan ya samo asali daga Azbak, babban kwamandan sojan Mamluk, wato sojojin da asalinsu bayi ne suka zama masu mulkin Masar, a zamanin Sarki Ƙayitbai, wanda ya mulki Masar daga 1468 zuwa 1496. A lokacin, filin yana bayan ganuwar birni ta yamma, kwari ne mai tudun shara da tsohon kududdufi da ya cike. Kogin Nilu ya daɗe yana ja da baya zuwa yamma, yana barin irin waɗannan ƙasashe masu kwari a bayansa. Marubucin tarihi Ibn Iyas ya ce da farko wurin ajiye raƙumansa kawai Azbak yake nema. Da aiki ya kankama a wajen 1476, sai abin ya girma: ya sa aka kwashe tuddan, aka haƙa tafki, aka jawo masa ruwa daga magudanar da ake kira Khalij Nasiri, ya gina fada da masallaci da wuraren wanka da shaguna.

A lura da yadda tafkin yake, domin komai ya rataya a kansa. Ba tafkin da ke riƙe ruwa shekara cur ba ne. Idan Nilu ya kawo a wajen watan Agusta, sai a fasa datsiya, ruwa ya malalo ta magudanai ya cika kwarin. Watanni kaɗan ruwan ya janye, ya bar laka, a shuka. Kamar dai fadama: rabin shekara ruwa, rabin shekara gona. Ranar fasa datsiyar kuwa biki ce, kuma Azbak ya mai da ta Azbakiyya ta zama tasa, da wasan wuta da cunkoson 'yan kallo.

Azbak ba sadaka ya yi wa talakawa ba. Ya gane cewa ruwa na ɗaga darajar ƙasar da ke gefensa, kuma hakan ce ta faru. Bayan Turkawan Usmaniyya sun ci Masar a 1517, unguwar ta ɗan yi sanyi, sannan ta farfaɗo. Gidan Bakri, shehunan da ke danganta kansu da Sayyidina Abubakar, sun zauna a bakin tafkin. Attajiran da suka yi arziki da fataucin gahawar Yaman suka biyo. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, manyan hakiman Mamluk da yawa sun taso daga tafkin Fil da ke kudu sun dawo nan. A arewa akwai unguwar Kiristoci Kibɗawa, inda aka buɗe majami'ar Markus a 1800, wadda ta daɗe tana zama mazaunin shugaban cocinsu. A gabas akwai Muski, inda fataken Turai ke sauka.

Tun a wannan zamani akwai abin da ya kamata a riƙe. Gaɓar tafkin ta masu gida ce, amma tsakiyarsa ba shi da mai shi a zahiri. Kowa na morarsa, ba wanda ke da alhakin kare shi.

Faransawa a gidan Alfi

A Yulin 1798 Napoliyon ya shiga Alƙahira. Muhammad Bey Alfi, ɗaya daga cikin manyan hakiman Mamluk, bai daɗe da kammala katafaren gidansa a yammacin tafkin ba, sai ga baƙo ya mai da shi hedikwatarsa. Shekara uku Azbakiyya ta yi tana zama dandalin faretin Faransawa. A nan suka gwada tashin balan-balan don su burge mutanen gari, abin ya faɗo. Abdurrahman Jabarti, wanda ya rubuta tarihin wannan zamani da idonsa, ya yi musu ba'a, ya ce abin bai wuce irin na takarda da barori ke sakar wa iska a lokacin bukukuwa ba. (Wannan Jabarti ɗa ne ga Shehu Hasan Jabarti, wanda a gidansa malamin nan na Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya rasu a 1741.)

Ba'a ta ƙare a 1800. Mutanen Alƙahira suka yi bore karo na biyu a watannin Maris da Afrilu, Faransawa suka amsa da igwa da wuta, gidaje masu yawa na gefen tafkin suka zama kufai. Ranar 14 ga Yuni na shekarar, wani ɗalibi ɗan Halab da ya yi karatu a Azhar, Sulaiman Halabi, ya daɓa wa Janar Kileba wuƙa a lambun gidan Alfi. Kileba ne wanda Napoliyon ya bar wa ragamar sojan. Shekara ta zagayo Faransawa suka fice.

Ranar da aka kashe tafkin

Muhammad Ali Basha, wanda ya karɓi mulki a 1805, shi ya raba Azbakiyya da ruwanta. A wajen 1837 aka haƙa magudana ta zagaye filin don ta tare ruwan cikowa, aka cike kwarin, aka dasa itatuwa. Hujjar ita ce lafiya. Annoba ta yi wa Alƙahira mummunar ɓarna a 1835, kuma likitocin zamanin, har da Bafaranshen nan Kulot Bey da ke shugabantar harkar lafiya, sun yi imani cewa warin ruwan kwance ne ke kawo cuta.

Ba za a ce ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Tafkin da unguwa ta kewaye, wanda ake zuba wa shara da ruwan wanka, idan ya fara janyewa ba abin sha'awa ba ne, ga sauro. Sai dai tsakanin gyara magudana da binne tafki, an zaɓi wanda ya fi sauƙi, wanda kuma ya bar wa hukuma fili busasshe a tsakiyar gari. Sauran tafkunan Alƙahira duk haka suka ƙare. Babbar magudanar da ta ratsa birnin, wadda ke shayar da su, an cike ta a ƙarshen shekarun 1890 aka shimfiɗa layin taragon lantarki. Yau ita ce Titin Bur Sa'id.

Gidan Alfi kuwa ya ci gaba da sauya hannu. Ya zama makarantar koyon harsuna ƙarƙashin Rifa'a Ɗahɗawi, daga baya filin ya zama mazaunin otal ɗin Shepheard, masaukin da duk wani babban Bature mai wucewa Indiya ko mai zuwa kallon dalar Fir'auna ke sauka.

Lambun Isma'il

Lambun da ake kira mai tarihi a yau aikin Khidiwi Isma'il ne (Khidiwi laƙabin mai mulkin Masar ne a lokacin), jikan Muhammad Ali, wanda ya yi mulki daga 1863 zuwa 1879. Ya je baje kolin duniya na Paris a 1867, ya ga yadda aka fasa tsofaffin unguwanni aka fitar da manyan tituna da lambuna, ya dawo da niyyar a yi masa irinsu kafin bikin buɗe mashigin Suwes a Nuwamban 1869. A gefen Azbakiyya aka gina gidan Opera, babban gidan waƙa da wasan kwaikwayo, cikin 'yan watanni, akasarinsa da katako, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1869. Sannan aka ɗauko Barillet-Deschamps, babban mai tsara lambunan birnin Paris, ya zana lambu mai kusurwa takwas. An buɗe shi a 1872. Faɗinsa kimanin faddan 20, wato wajen hekta 8.

An kashe kuɗi. Akwai ƙaramin tafki na ado a tsakiya, da tudu da kogon da aka ƙera da hannu, da rumfar makaɗa inda badujalar soja ke wasa, da wuraren shan gahawa, da fitilun gas. An kawo itatuwa daga Indiya da wasu ƙasashe masu zafi. Masu yabon Isma'il a nan suke tsayawa.

Amma faddan 20 ɗin nan ragowa ce. Filin da tsohon tafkin ya bari ya fi haka nesa ba kusa ba, Isma'il ya yanka gefensa ya zama filayen gini da tituna. Masallacin da Azbak ya gina ma bai tsira ba, an rushe shi a cikin wannan aiki. Kuma an zagaye lambun da shingen ƙarfe, aka sa kuɗin shiga. Wurin da a da talaka ke zuwa kallon kwale-kwale ko ya yi shuka idan ruwa ya janye, ya koma wurin da ake shiga da tikiti. A ganina nan ne lambun ya yi rashin da ya fi kowane girma, tun ranar haihuwarsa: mutanen Muski da Bab Sha'ariyya da ke maƙwabtaka da shi ba su taɓa jin nasu ba ne. Da aka zo gutsurarsa daga baya, ba su da dalilin tsayawa a gaban katafila.

Shi kansa Isma'il bashi ya ci shi. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suwes kan fam miliyan 4, a 1876 baitulmali ya kasa biyan masu bin bashi, a 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojan Ingila suka shigo.

Duk da haka, kusan shekara 70 Azbakiyya ta yi tana zama cibiyar nishaɗin Alƙahira. Otal-otal, gidajen wasan kwaikwayo, shagunan Girkawa da Italiyawa, ofisoshin masu shirya yawon buɗe ido, duk suna kewaye da ita. Taragon lantarki da ya fara aiki a 1896 ya mai da dandalin Ataba mahaɗar layuka. A gidan wasan da ke cikin lambun Ummu Kulsum ta sha yin waƙa. Ta arewa kuwa, wajen Titin Kulot Bey da unguwar da ake kira Wajhul Birka, mashaya ce da gidajen karuwai masu lasisi, inda sojan Ostareliya da na Niyu Zilan suka yi tarzoma a Afrilun 1915. Ba a haramta wannan sana'a ba sai 1949. Masu hali sun riga sun fara tashi zuwa Zamalik da Gadin Siti da Misra Jadida. Unguwar da manya suka bari, muryarta a ofishin gwamnati raguwa take yi.

Wuta biyu da titi guda

Ranar 25 ga Janairu 1952 sojan Ingila suka kashe 'yan sandan Masar kimanin 50 a Isma'iliyya. Washegari Alƙahira ta kama da wuta, kuma daga dandalin Opera aka fara. Gine-gine wajen 700 suka ƙone, har da Shepheard. Wata shida bayan haka sojoji suka kifar da Sarki Faruƙ.

Sabuwar gwamnati ba ta ga abin tausayi a lambun da ke tuna mata da Khidiwi da Turawa ba. A shekarun 1950 aka miƙar da Titin 26 ga Yuli ya ratsa tsakiyarsa, ya raba shi biyu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ginin musayar waya ya ɗauki wani gefe, gidajen wasa, ciki har da na 'yar tsana, suka ɗauki wani. Ranar 28 ga Oktoba 1971 gidan Opera ya ƙone ƙurmus. Da aka tashi gina sabo, da taimakon Japan, sai aka kai shi tsibirin Jazira aka buɗe a 1988. A gurbin tsohon aka gina garejin ajiye motoci mai hawa-hawa. Dandalin har yau sunansa Opera, mutum-mutumin Ibrahim Basha, mahaifin Isma'il, na kan dokinsa, gareji na bayansa.

Sai jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layi na biyu ya iso Ataba a shekarun 1990, ramin motoci na Azhar ya buɗe bakinsa a dandalin Opera a 2001, layi na uku ya fara aiki daga Ataba a 2012. Kowane aiki na buƙatar wurin jibge kaya da injuna, kuma ba inda ya fi lambu sauƙin aro, tunda babu mai gidan da za a biya diyya. Ana cewa na ɗan lokaci ne. Lokacin yakan kai shekaru, kuma ba kasafai ake mayar da duk abin da aka ara ba. Rabin lambun Isma'il, ko fiye, ya tafi ta wannan hanya.

Wa zai ce birni mai mutum sama da miliyan 20 ba ya buƙatar jirgin ƙasa ko waya? Ba wanda zai ce. Matsalar ita ce ba a taɓa zama an auna su gaba ɗaya ba. Ma'aikatar sufuri na ganin nata, ta sadarwa na ganin nata, ta al'adu na ganin nata, hukumar birni na ba da izini, babu ofishi guda da aikinsa shi ne ya ce a'a a madadin itatuwa.

Masu littafi a jikin katanga

Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa riƙe sunan wurin su ne waɗanda ba su da takardar fili. Tun farkon ƙarni na 20 masu tallar littattafai da ke zagaya gidajen gahawa suka saba hutawa a jikin shingen lambun, sannan suka fara jera kayansu a kai. 'Yan sanda na kora, suna dawowa. A ƙarshe hukuma ta gaji ta ba su lasisi da rumfuna. Haka aka sami Sur Azbakiyya, wato katangar Azbakiyya, ɗaya daga cikin kasuwannin tsofaffin littattafai da suka fi suna a ƙasashen Larabawa. Rumfuna sama da 100, ana samun komai: tafsiri da nahawu bugun da ya ƙare a kasuwa, littattafan likitanci na hannu, tsofaffin mujallu, taswirori. Ɗaliban Azhar daga Najeriya da Nijar da Chadi sun san hanyar, domin kuɗin ɗalibi ba ya kai wa sabon bugu kullum.

An tashe su ba sau ɗaya ba. Aikin gadar sama ya matsar da su, aikin jirgi ya kai su Darrasa kusa da Azhar a shekarun 1990, suka dawo gefen lambun kafin ƙarshen shekarun, layi na uku ya sake girgiza su. Duk inda aka kai su, sunan na biye da su, har babban baje kolin littattafai na Alƙahira yana da sashe mai wannan suna. A 2019, da aka mayar da bajen kolin sabon wuri a bayan gari, aka tsaurara sharuɗɗan rumfa, da yawansu suka ƙi zuwa, suka shirya nasu bikin a inda suke, jama'a kuma suka cika wurin.

Me ya sa su suka jure, lambun ya kasa? Domin abincinsu na nan. Suna da abin da za su rasa, sun san juna, suna da abokan ciniki a cikin 'yan jarida da malaman jami'a da za su yi magana idan an taɓa su. Itatuwan ba su sami irin waɗannan masu magana ba sai a makare.

Abin da aka gwada a gabas

Tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga nan, a bayan Azhar, akwai gwajin da ya bi wata hanya. Tudun Darrasa juji ne na kimanin shekara 500. Gidauniyar al'adu ta Aga Khan ta kashe wajen dala miliyan 30 ta mai da shi lambun Azhar mai hekta 30, da tafkinsa, aka buɗe a 2005. Wajen haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddin mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Abin da ya bambanta shi shi ne ba a tsaya a shinge ba: an shiga unguwar Darbul Ahmar da ke jikinsa, an gyara gidaje da masallatai, an ba da ƙananan rance, an koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta, an ɗauki wasunsu aiki. Akwai mai kula guda, akwai kuɗin shiga da ke komawa ga ban ruwa da shara.

Bai tsira daga suka ba. Tikitin da ke ciyar da shi shi ne kuma ke tsayar da magidanci mai 'ya'ya shida a bakin ƙofa, irin dai shingen Isma'il. Amma ko ba komai akwai wanda za a tambaya idan ciyawa ta bushe, akwai kuma maƙwabta da ke cin abinci a dalilinsa.

A 'yan shekarun nan gwamnatin Masar ta ɗauki aikin sabunta Azbakiyya cikin shirin farfaɗo da tsakiyar birnin da Isma'il ya gina: gyaran maɓulɓular marmara, da tudun, da ƙaramin tafkin ado, da shinge irin na da. Aikin ya zo daidai lokacin da ma'aikatu ke ƙaura zuwa sabon babban birni, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, ana kuma neman masu zuba jari su karɓi tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari su mai da su otal-otal. Ma'ana, darajar ƙasar da ke gefen lambun za ta sake tashi, kuma masu talla da masu littafi ne na farko da ake duba inda za a kai su duk lokacin da aka yi maganar tsafta.

Gyaran kuma iyakarsa abin da ya saura. Gareji na nan a gurbin Opera, ginin waya na nan, tashar jirgi na ƙarƙashi. Tafkin Azbak kuwa ko an so ba zai dawo ba, domin tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 Nilu ya daina kawo cikowar da ke cika shi. Ruwan da za a gani a ƙaramin tafkin yanzu na famfo ne, kuma sai an ware masa kuɗi a kasafin kowace shekara.